Hajiya Rabi a Ƙofar Hubbaren Sarakuna

Shekara tara ina tafinta a kamfanin yawon buɗe ido a Kuala Lumpur, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Amma ranar da na kai Hajiya Rabi hubbaren sarakuna har gobe ba ta fita raina.

Ku sababbin ma'aikata ku gane tsarin: baƙo irina ba ya riƙe lasisin jagora, sai ɗan ƙasa. Jagorarmu Kak Nur ce, ni nawa fassara da tsara wuraren zuwa. Ofis ya sa hannu a tsari, to an rufe, ba a canzawa a hanya.

Hajiya ta zo daga Kano da ƙanenta Alhaji Sani don kwashe kayan ɗanta Mustapha, wanda ya rasu yana karatu a nan, aka binne shi a nan. Alhaji ya je kabarin shi kaɗai, tunda a wajenmu mata ba sa shiga maƙabarta. Ya ce mini, "Malam Habibu, jibi za mu tashi. Ka zagaya da ita gobe ta ɗan sake." Da shi na tsara komai. Ita ko tambayarta ban yi ba.

Washegari muka fita bayan gari zuwa hubbaren tsofaffin sarakuna. Muka tuɓe takalma, na shiga zuba bayani kamar rediyo: dutse mai zagaye na namiji ne, mai faɗi na mace, ƙyallen rawaya da aka naɗa musu alamar jinin sarauta. Ina waigawa babu Hajiya. Tana can bakin ƙofa a tsaye, riƙe da takalmanta.

Ba sarakunan take kallo ba. Wasu mata uku take kallo, sun tsuguna gaban wani kabari suna zuba ruwa mai ƙamshi suna addu'a.

"Habibu," ta ce, "waɗancan matan Musulmi ne?"

"Musulmi ne, Hajiya."

"Kuma ba mai korar su?"

Na tambayi Kak Nur. Ta yi mamakin tambayar ma. Ta ce ita kanta duk Sallah sai ta je kabarin mahaifinta da 'ya'yanta mata.

Da na fassara, Alhaji ya gane inda aka dosa. "Yaya, wannan al'adarsu ce. Mu ba haka muka taso ba."

"Sani, kai ka gan shi. Ni da na haife shi, akwatinsa kawai zan koma da shi?"

Wallahi kunya ta kama ni. Kwana huɗu ina yawo da baiwar Allah a shaguna, ashe abin da ya kawo ta daban.

Na kira manajanmu, na nemi izinin kai ta kabarin ɗanta. Ya ce tsari tsari ne, motar tana da wasu baƙi ƙarfe huɗu. Na ce, "Oga, ko ka ba ni motar, ko in sa ta a tasi, ka rubuta ni ne na karya doka." Kak Nur ta karɓi wayar ta yi masa Malayanci mai zafi. Ta miƙo mini tana cewa, "Boleh lah." Wato an yarda.

Muka juyo zuwa cikin gari. Da muka isa maƙabartar da aka binne Mustapha, Alhaji da kansa ne ya wuce gaba yana nuna mata hanya tsakanin kaburbura.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta tsuguna, ta dafa ƙasar da tafin hannu kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi, ta ce, "Mustapha, Umma ce. Ka yi haƙuri, na daɗe ban zo ba."

Ni da nake taƙama da baki, na juya baya na share idona.

Shi ya sa nake takura muku. Baƙi suka sauka, kada ku tsaya kan abin da mai biyan kuɗi ya faɗa. Ku je wajen wadda ta yi shiru, ku gaishe ta, ku tambaye ta da bakinku inda take son zuwa.