Mabuɗin da ya haɗa mutum biyu a layi ɗaya

Shekarun baya can, ina sabon gama makaranta ina ji da kaina, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Birnin Kebbi, wanda yanzu ko allonsa babu. Kamfanin kan raba wa manoman fadamar Argungu irin shinkafa da taki lokacin noman rani. Aikina shi ne rubuta manhajar da ke fitar da sunayen waɗanda za a ba.

A yaren da muke rubuta manhajar, sai ka kwaso sunaye ka zuba su a wani tebur na wucin gadi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Teburin kuma sai ka yanka masa mabuɗi, wato abin da zai bambanta wannan layi da wancan. In ka ce kada mabuɗi ya maimaitu, to duk layin da ya zo da irin na wani, tebur ba zai karɓe shi ba. Ba ya ihu, ba ya tsayawa. Wata 'yar lamba kawai yake ajiye maka, in ka ga dama ka duba. Ni ban ga dama ba.

Katin manoma bai gama fitowa ba a lokacin, don haka na haɗa abu uku na yi mabuɗi: suna, suna na biyu, da ƙauye. Abokiyar aikina, wadda iyayenta mutanen Filato ne amma a unguwar Badariya ta tashi, ta leƙo ta ce, "Malam, in mutum biyu suka dace a duka ukun fa?"

Na yi dariya na ce, "Haba dai. Sai ka ce ƙwayar gero a buhu?"

Ta ce to, ta koma kujerarta.

Abin haushin, ni ne ya kamata in fi ta sanin amsar. Sunan kakana aka sa mini, har yau mahaifiyata ba ta taɓa furta shi ba saboda kunya. A gidanmu mu huɗu ne masu sunan, kowa da laƙabinsa ake kiran sa. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta daga gidan da na fito, ban ma bar gurbin laƙabi a takardar rajista ba.

Ranar rabo na bi mota zuwa Argungu. Wajen azahar wani manomi, magidanci mai furfura jefi-jefi, ya iso gaban layi ya faɗi sunansa. Mai rabo ya duba takarda ya ce ai an karɓa tun da safe.

Mutumin ya ce, "Ɗan baffana na yak karɓa. Sunan kakanmu anka sa muna mu biyu, kuma sunan gida guda munka rubuta. Amma kowa da gonatai."

Mai rabo ya waiwayo ya tambaye ni ko sunan ya fito sau biyu. Na buɗe kwamfuta na duba. Layi ɗaya ne, mana, tunda ni na hana na biyun shiga. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Baba, kwamfuta ba ta ƙarya. Mutum ɗaya ne, kuma ya karɓa."

Nan wani daga baya ya ce ashe sau biyu ake son a ci. Wani ya ce ɓarawo da furfura. Mutumin ya kalle ni, ya naɗe buhun da ya zo da shi ya fita daga layi.

Bayan mako biyu abokiyar aikina ta ajiye mini takardun rajista biyu a kan tebur. Suna ɗaya, ƙauye ɗaya, hoto daban. Na kai wa ogan kamfanin, ya ce rabo ya wuce, in gyara abina shiru, kada in ɓata wa kamfani suna. Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba. Katin manoma ya fito a lokacin, sai na mai da lambarsa mabuɗi, na ƙara umarnin da ke duba 'yar lambar nan.

Sai bayan girbi na iya zuwa ƙauyen. Na same shi yana gyaran taru a ƙofar gida, don a ranin nan su ya koma, wato kamun kifi, gonar ta kwana ba shuka. Na yi masa bayani dalla-dalla, har da mabuɗi da tebur, kamar wanda ke kare kansa gaban malami. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Yaro, shinkahwa ta wuce, Allah ya ba mu wata. Amma tun rannan ba a sake ba ni ajiya ba garin ga. In da gaske kake, taho ran Juma'a ka hwaɗi wagga magana bakin masallaci, inda mutane ka ji."

Na ce in sha Allahu zan zo.

Juma'ar farko na ce aiki ya yi yawa. Ta biyu na tuna oga. Daga nan kunya ta hana ni, har abin ya tsufa.

Yanzu ina koya wa matasa wannan aikin, kuma in muka zo kan mabuɗi nakan tsananta har su ce na cika faɗa. Ina gaya musu su duba lambar nan ko da sun tabbata. Suna ɗauka ƙwarewa ce ta sa. Ban taɓa ba su labarin ba, domin na san wani zai tambaye ni ko na koma. Da ƙarfi na ƙaryata mutumin nan gaban garinsu, gaskiyarsa kuwa a ƙofar gida na faɗa masa, daga ni sai shi.