Faifai Goma da Rigar Kawu

A Tawa abu biyu aka san ni da su, alli da faifai. Alli na aje shi bayan na tsufa a lakwal ina koya wa ƴaƴan mutane lissafi, faifai kuwa har gobe. Ina sabon mushe, wato malamin lakwal, wani likita mutumin Damagaram da aka turo garinmu ya sa mini kaset ɗin jaz a ɗakinsa, mai fiyano da mai busa suna ja-in-ja kamar dillalai a kasuwar bisashe, shi ke nan na kamu. Na shiga tara su, baƙaƙen faifai na da waɗanda Turawa ke bari in za su koma gida, da kaset, daga baya sede, ƙananan faifan nan masu walƙiya. Akwai na jaz, akwai na kilasik mai goge arba'in a kiɗa guda. Ɗakin ƙasa na ware musu, don zafin kwano lanƙwasa faifai yake yi, kuma a tsaye nake jera su. Matata ta ce ko ita ba ta samu wannan gata ba, ban kuwa musa mata ba.

Kaset ɗin nan na farko likitan ya bar mini da aka ɗauke shi daga garinmu, rediyo ta cinye shi wata rana ina ji ina gani. Na yi shekaru ina cigiya. Sai wani tsohon ɗalibina da ke aiki Faransa ya aiko mini da labari cewa an sake fitar da duk abin da mai fiyanon nan ya ɗauka, sede goma cikin kwali guda, da ɗan littafi, har da gwaje-gwajen da aka yar a da, inda za ka ji ya yi tari ya sake farawa. Kwalin ya yi wata biyu a hanya, ya kwana Yamai, ya hau kar, babbar motar fasinja, na je tasha da kaina na rungumo shi. Na yi wa kaina doka: faifai ɗaya kowace Lahadi, kada daɗi ya ƙare da wuri. Na ji bakwai. Saura uku ko ledarsu ban yage ba, sai tafiya ta kama ni zuwa Yamai a duba mini ido.

To, ina da taubashi, ɗan kawuna, manomi a Kalfu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa. Abin da ya ɗauka a gidana ya ɗauku, haka ni ma a nasa, wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Ya taɓa tafiya da hulata a kansa, na taɓa kamo zabinsa biyu. Duk ranar da ya shigo ya iske ina saurare, tun daga zaure yake farawa: "Kai bawa, wanga kukan jakkai fa? Kashe shi mu gaisa!" Ni kuma in ce kunnen da ya saba da kukan akuya ba ya rarrabe kiɗa. Shekara da shekaru muna haka.

Na dawo daga Yamai ran Asabar, ido tangaran. Lahadi na yi wanka, na haɗa shayi, na buɗe kwali. Wayam! Littafin na nan, faifai ko ɗaya babu. Matata ta ce, tana dariya, ai ubangijinka ya zo, ya ce a gaya maka ya ari madubanka.

Ban ko sha shayin ba na hau moto, ɗan babur ɗina. Lokacin gero ya fid da kai, ƙwaya ta fara nuna, tsuntsaye sun taso gonaki a gaba. Tun daga nesa na hango abu na walƙiya a gonarsa, nan ƙyal, can ƙyal. Da na matsa sai ga faifaina, kowane an huda shi da ƙusa mai zafi, an zura zare, an rataye a sanda, iska na juya shi. Mako biyu cikin rana da ruwa. Fatar bayansu ta kwaile. Na bi su ɗaya ɗaya ina karanta lamba, na takwas, na tara, na goma, waɗanda ban taɓa ji ba. Na goman ma tsuntsu ya yi masa kashi.

Yana zaune ƙarƙashin gawo da maƙwabtansa na gona, suna gasa tumu. Ya ce, "Ka gani, bawa? Yau dai kayanka sun yi rana. Bana ko tsuntsu guda bai sabka ba. Kuma ka gode mini, na bar maka kwalin da littahin." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don ido na kaina, kuma ɗan mace ba ya fushi da ɗan namiji a gaban jama'a. Har tumun na ci. A kan moto ina komawa na rantse sai na rama, kuma ba da zabi ba.

Shekara guda na yi ina dafa abin. Na yi tunanin ragonsa, na ga zai sayi wani. Na yi tunanin amalankensa, na ga zai ara. Abin da nake nema shi ne wanda ba a samun irinsa a kasuwa, kuma na san inda yake. Kawu, mahaifinsa, ya bar masa babbar riga, shuɗiya mai sheƙi, aikin hannu tun daga wuya har aljihu. Sau biyu take fitowa a shekara, ƙaramar Salla da Layya, sannan ta koma adaka da turare. Duk Kalfu an san rigar. Matata ta lura da shirun da nake yi, ta ce, "Malam, wasa fa ya yi, bai san darajar abin ba." Na ce to ni na san darajar nasa.

Damina ta zagayo, gero ya sake fid da kai. Na daidaici ranar da ya tafi Barmu ta'aziyya, zai kwana uku. Na shiga gidansa na ce wa matarsa bawa ya zo aron rigar ubangijinsa. Ta yi guɗa, ta buɗe adaka ta miƙo mini da hannu biyu, har tana cewa in na sa kada in taka bakin rigar. Akwai ƴar gonar da na gada wajen mahaifiyata a nan Kalfu, daidai bakin hanyar da masu zuwa kasuwa ke bi. Na kafa sanda, na gicciya wata, na zura rigar, na baza hannuwanta sosai yadda aikin zai fito, na kifa fasasshiyar tukunya a sama. Na ja da baya na duba. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce rama cuta ga macuci ibada.

Allah kuwa ya ba da ruwa, kwana biyu a jere. Shuni ya zuba har ƙasa, iska ta kai gefe ɗaya kan ƙaya ta tsarge shi. Ranar kasuwa na zauna a inuwa ina kallon masu wucewa. Na farko suka yi dariya, har wani ya cire hula ya gaishe ta. Amma tsofaffi in sun gane rigar sai su kau da kai. Wata tsohuwa ta tsaya da ƙwaryar nono a ka, ta kira sunan kawu, ta yi masa addu'a, ta wuce ba ta dube ni ba.

Da la'asar ya iso. Na miƙe, na faɗa masa maganar da na tanada tun bara: "Ka gani, ubangijina? Bana ko tsuntsu guda bai sauka ba." Na jira ya zage ni, ya bi ni da sanda, a yi dariya a tashi. Bai ko kalle ni ba. Ya sauke tukunyar ya aje a hankali, ya zare rigar, ya cire ƙayoyin ɗaya ɗaya, ya ninke ta a kan gwiwarsa yadda kawu ke ninkewa. Sai ya ce, "Cikinta baba ya ɗaura maka aure." Na ce na sani, shi ya sa na zaɓe ta. Ya gyaɗa kai, ya sa ta a hammata ya tafi.

Daga baya ɗalibin nan nawa ya turo mini kiɗan duka a waya, har ukun da na rasa. Na ji su. Akwai daɗi, har da tarin. Duk wanda ya tambaye ni ina ce masa ban yi nadama ba, shi ya fara, kuma har yanzu in na tuna ƙusar nan raina tafasa yake yi.

Bai yanke zumunci ba. Yana zuwa suna, yana zuwa gaisuwa. Sai dai yanzu sallama yake yi daga zaure ya jira a ba shi izini, ya cire takalmi, ya zauna bakin tabarma. Watan jiya da ya zo, da gangan na sa faifan da ya fi kowane hayaniya, na ƙure murya, na aje sabuwar hulata kusa da hannunsa. Ya saurara har ya ƙare, hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya ce, "Kiɗa mai daɗi, Mushe. Allah shi bar ka da abinka." Ya tashi, ya bar hular inda take.