Siririyar Wuƙar da Jasman Ya Zaɓa

Shekara arba'in da ɗaya ban kira sunansa ba. Tun ranar da aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidan mahaifinsa, muka yi musayar hula, dattawa suka shaida mun zama aminan rantsuwa, sunansa ya haramta a bakina, nawa ma ya haramta a nasa. "Amini" nake ce masa, "amini" yake ce mini. Yanzu da ya rasu zan iya rubutawa: Jasman Rai, makiyayi, mutumin wani ƙauye a duwatsun da ke saman garin Bojpur.

Bai taɓa zuwa ko'ina mai nisa ba. Yayyensa biyu sun shiga soja, shi kuwa da mai ɗaukar soja ya auna ƙirjinsa da igiya sai ya ce ya koma gida ya ƙara cin tuwo. Ya koma, ya karɓi shanun dutsen mahaifinsa. Kowace bazara mukan kora su zuwa tsaunin Mayung, mu kafa ruga, mu zauna har ƙarshen damina muna tatsa, muna kaɗa mai, muna busar da cuku. Da can rugage goma sha biyu ne a wurin. Yara suka tafi Malesiya da ƙasashen Larabawa neman aiki, iyayensu suka sayar da dabbobi, a ƙarshe saura mu biyu. Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa ɗa guda, Nabin.

Abin da aka san shi da shi a ƙasarmu shi ne zaɓen kukuri. Makiyayi ba ya hawa Mayung ba tare da lanƙwasasshiyar wuƙar nan a ɗamararsa ba. Da ita ake saran gorar rufin bukka, da ita ake faskare, a fiƙe turke, a yanka nama. Ranar kasuwa mutane sukan ja Jasman da hannu zuwa wurin masu sayarwa. Ba ya kallon kube, ba ya kallon ado. Yakan ce wuƙa mai walƙiyar tagulla ta rataye a bangon ɗakin baƙi ce. Sai ya zare ta, ya ɗora ta a kan yatsa ya ga inda nauyinta ya kwanta, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce ya kai kunne. In ta yi ƙara mai tsawo ya ce ƙarfen sifirin na babbar mota ne, in ta yi "tak" ta tsaya ya mayar da ita. Ya goga magagari a cikinta, wurin da ake sara: in magagarin ya zame, bakin ya sha ruwan maƙera daidai, ya yi tauri. Sannan ya kama hannun mai saye ya juya shi ya duba, domin a cewarsa ƙota ce rabin wuƙa.

Tasa kukurin irin mai faffaɗan ciki ce, mai nauyi kamar gatari. Da sara ɗaya yake kayar da gora mai kaurin dantse. Yakan yi wa masu riƙe siririya dariya, ya ce wannan ta yanka alayyafo ce.

Shekarar da ta gabaci bara, cikin sanyi, ya zame a kan ƙanƙara ya karye a wuyan hannun dama. Ƙashin ya haɗe a karkace, yatsunsa biyu suka daina rufewa sosai. Nabin ya dawo daga Malesiya saboda haka. Yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi. A gabana ya ce:

"Baba, mu sayar da shanun nan. Ka zauna a gida."

"In zauna in yi me? In ƙirga kaji?"

"To ka hau. Bayan kwana goma zan kawo muku gishiri. In na zo ka sari gora da hannunka ina kallo, zan ƙyale ka. In ka kasa, a bayana zan goyo ka in sauko da kai." Ya juyo gare ni. "Kai ma Baba ƙarami, kada ka rufa masa asiri."

Jasman ya ce ya yarda. Na san in aka sauko da shi daga Mayung a goye, ba zai sake ɗaga ido ya kalli kowa ba.

Sati biyu kafin mu hau ya zo gidana ya ce wuƙata ta tsufa, kunya take ba shi, in tashi mu je wurin Dambar maƙeri. Wuƙata lafiyarta lau, amma na bi shi.

Dambar sa'anmu ne, yana zaune bakin wuta yana juya zugazugi. Da ya gan mu ya ce:

"Ga tsofaffin birai na Mayung. Har yanzu damisa ba ta cinye ku ba?"

"Ta ɗanɗana aminina ta tofar," in ji Jasman. "Fito da abin da ka ɓoye, ba na 'yan yawon buɗe ido ba."

Dambar ya jawo wani buhu, ya zazzage ruwan wuƙaƙe bakwai da ba a sa wa ƙota ba. Jasman ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu. Ya tsallake manyan duka, ya tsaya a kan wata siririya doguwa, marar nauyi. Ya daɗe da ita a kunne.

"Wannan," ya ce.

Dambar ya fashe da dariya. "Kai ne yau da ta yanka alayyafo?"

"Ba tawa ba ce. Ta aminina ce. Ya fara tsufa."

Na ce, "Ni? Wa ya girmi wani a nan?"

Dambar ya ɗauko guntun icen goro na dutse da zai yi ƙota, ya ce mai wuƙa ya kawo hannu a auna. Na miƙa nawa, wanda yake kamar faranti. Ya damƙa mini icen, ya zana inda yatsuna suka kwanta da gawayi. Jasman ya tashi ya fita waje, ya ce hayaƙi ya dame shi. Ban fahimci komai ba. Har murna nake yi da sabuwar wuƙa.

Muka hau. Hazo ya rufe Mayung kamar kullum, tsofaffin rugage sun zama tulin duwatsu da ciyawa. Da safe muka shiga kurmin gora. Jasman ya ɗaga tsohuwar kukurinsa ya sara, gorar ta girgiza kawai, shi kuwa ya dafe hannu ya juya mini baya. Ya gwada da hagu, wuƙar ta goce ta kusa samun gwiwarsa. Har rana ta take gora uku ya kayar, kowace a ragargaje.

Rana ta biyu ya ce, "Ba ni taka in ga ko Dambar ya cuce mu."

Ya ɗaga ta da sauƙi, na ga fuskarsa ta saki. Ya kai sara, wuƙar ta shiga gorar, sannan ta kuɓuce ta faɗa cikin ganye. Ƙotar ta fi ƙarfin yatsunsa. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Ya ɗauko ta, ya goge da rigarsa, ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Tana da kyau," ya ce. "Ka more ta."

A nan na gane. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana yi wa siririya dariya ba zai iya buɗe baki a gaban Dambar ya ce tasa ce ba. Ya kai ni ne don in gane, in ce a auna hannunsa. Ni kuma na miƙa nawa kamar jaki.

Saura kwana takwas Nabin ya zo. Maƙera tafiyar kwana biyu ce, kuma ba zan bar shi shi kaɗai da shanu ba. Na ɗauki zare na zagaya kan sandarsa, inda hannunsa ya lashe tun bayan karayar, na ƙulla. Kullum in na kora shanu bayan dutse sai in zauna, in zaro ƙaramar wuƙar da ke maƙale a bayan kube, in yi ta kankare ƙotar kaɗan kaɗan ina aunawa da zaren. Ni ba masassaƙi ba ne. Zoben da Dambar ya fitar a tsakiyar ƙotar na lalata shi, gefe ɗaya ya fi ɗaya rami. Kwana uku na yi. Na shafa mata man shanu da kunkunniya don ta yi kamar tsohuwa.

Da hantsi, yana tuƙa tuwon tamba, na jefa ta gabansa.

"Amini, ka zaɓa mini banza. Ba ta zauna mini a hannu. Ba ni taka."

"Ni na zaɓi banza?" Ya ajiye muciya ya ɗauka. Ya juya ƙotar, ya bi ta da babban yatsa, ya shinshina. "Wane ɓera ne ya gaigaye ta?"

"Ɓerayen Mayung, ka san su."

"Ɓera mai man shanu."

"Za ka yi musaya ko ba za ka yi ba?"

Ya damƙe ta. Yatsun nan biyu suka kwanta a ramin da na yi bisa kuskure. Sannan ya zare tasa daga ɗamara ya turo mini da ƙafa.

"Ɗauki. Kada ka sare ƙafarka, ba ta saba da rago ba."

Tuwon ya ƙone a ranar, muka ci haka nan.

Siririya ba a sara da ita da ƙarfin kafaɗa, sai da saurin hannu, kuma a karkace. Ya sani, shi da ya koya wa rabin ƙasar, amma jikinsa bai sani ba. Kwana huɗu yana koyo kamar sabon shiga, yana zagin gora, yana zagina.

Nabin ya iso ranar goma goye da kwandon gishiri, igiyarsa rataye a goshi, ƙafafunsa duk matsattsaku. Bai ko sha shayi ba ya nuna wata gora mai kauri. Jasman ya tofa yawu a hannu. Sara na farko ya shiga, na biyu ya buɗe ta, na uku ta kwanta. Nabin ya kalli wuƙar, ya kalli ƙotar, ya kalle ni. Na duƙa ina cire masa matsattsaku.

"Da can da sara ɗaya kake yi, Baba," ya ce.

"Da can kai ma a wuyana kake hawowa nan. Ajiye gishirin."

Ya ajiye. Washegari ya sauka shi kaɗai.

Jasman ya yi daminarsa cikakkiya. Shi ya rufe bukkarmu, shi ya fiƙe turakun maruƙa, kuma da ƙafarsa ya sauko gaban garke kafin Dasain, babban bikinmu na bayan damina. Tari ya kama shi a tsakiyar sanyi, bai yi sati biyu ba ya tafi. Da ake shirya kayan da za a binne shi da su, Nabin ya riƙo siririyar ya tambaye ni ta wane ne, don Dambar ya ce ni aka ƙera wa. Na ce ta ubansa ce. Aka sa masa ita a gefen dama. Na yi kwanakin makoki ban ci gishiri ba, kamar yadda ake yi wa ɗan'uwa.

Nabin ya sayar da shanunsu, ya bar mini saniya ɗaya wadda ba ta yarda da baƙon hannu. Bana ni kaɗai na hau Mayung. Kurmin gora ya yi yawa, ba mai sara sai ni. Da safe in na gama tatsa nakan ɗora ruwan shayi, in zauna a bakin bukka har hazo ya ɗaga, sannan in kora shanu bayan dutse.