Na Sayar wa Dokta Makon Sallah

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka bar Danau Kota, ni da wani abokin aikina ɗan ƙasar Yaman da muke zaune a bene ɗaya. Gari bai waye ba, amma zafin Kuala Lumpur ba ya jiran rana. Kafin mu sami motar haya, rigar kamfani ta fara manne mini a baya. Shagon mamak ɗin da ke ƙasan benenmu, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi da ba ya rufewa, ya cika da masu gadi da suka taso daga aiki. Muka ce a ƙunsa mana roti, wata irin gurasa, bibbiyu, muka kama hanyar Bukit Bintang, inda ofishinmu yake, kuma daga nan bas zai tashi.

Da yawa cikinku kun sha tambayata wane aiki nake yi tun da na gama karatu, ni kuma in ce muku “harkar otal”. To yau ga gaskiyar magana: hutu nake sayarwa. Kamfaninmu yana da gidan hutu a bakin teku a Port Dickson. Ya ɗauki kowane ɗaki ya yanka shekararsa mako-mako, kamar yadda mahauci ke kasa nama a faifai. In ka sayi mako ɗaya, wannan makon naka ne a wannan ɗakin kowace shekara, har shekara ashirin da biyar. Timeshare ake kiran abin. Kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota, ban da na gyara da ake biya duk shekara. An ɗauke ni ne don in jawo 'yan Afirka, kuma takardar izinin zamana a ƙasar nan a jikin aikin take rataye. In aikin ya tafi, ita ma ta tafi. Wata uku na gwaji aka ba ni, sun kusa cika, ban sayar da ko mako ɗaya ba. Ranar Alhamis manajarmu ta faɗa mini, tana murmushi kamar kullum, cewa wannan ce tafiya ta ƙarshe da za a ajiye mini kujera.

Yadda ake yi shi ne, kamfani ya gayyato mutane kwana ɗaya kyauta, da mota da ɗaki da abinci. Sharaɗin guda ne: washegari miji da mata su zauna tare a saurari bayani na awa ɗaya da rabi. Dole su biyun, don kada wani ya ce sai ya koma gida ya yi shawara. Baƙina na wannan tafiyar wani Bakano ne da kowa ke kira Dokta, malami a wata kwaleji mai zaman kanta a unguwar Cheras, shekararsa goma sha biyu a ƙasar. A masallacin Juma'a na same shi. Ya zo da matarsa da 'ya'yansu uku, da kular abinci, duk da na ce masa komai kyauta ne. Hajiya, matar tasa, ta ce ita ba ta yarda da kyautar da ba ta ga tukunyarta ba.

Takwas da 'yan mintuna bas ya tashi. Fita daga Kuala Lumpur da safiyar Asabar ba wahala, sai dai gadoji ne a kan gadoji, in ba ɗan gari ba ne kai, sai ka rantse zagaye ake yi da kai. Muka wuce ƙofar biyan kuɗin hanya, direba bai ko tsaya ba, na'ura ta yi ƙara sanda ta ɗaga. Daga nan hanyar kudu ce shimfiɗe, babu rami ko ɗaya, hagu da dama gonakin kwakwar manja a jere, duk tsayinsu ɗaya. Minti goma na farko abin sha'awa ne. Bayan nan barci yake sawa, kuma rabin bas ɗin sun yi shi.

Mun tsaya a wani zangon matafiya kafin Seremban. Irin waɗannan wuraren su ne abin da nake yi wa ƙasar nan hassada: banɗaki fes, ƙaramin masallaci da wurin alwala, rumfunan abinci da farashi a rubuce, ba ciniki. Shinkafar kwakwa da yaji da rabin ƙwai a ƙunshin ganye, wadda suke kira nasi lemak, ringgit huɗu a kuɗin ƙasar. Shayin madara mai kumfa ringgit biyu da rabi. Dokta ya tambayi yaransa da Hausa me za su ci, babbar ta amsa da Turanci, na tsakiya ya amsa da Malayanci, autar ta nuna da yatsa. Ya dube ni ya girgiza kai.

A nan ne ya fara maganar da ta zama ƙashin bayan tafiyar. Ya ce, “Ƙanena, ka san abin da ke damuna a garin nan? Sallah. Kowa ya yi balik kampung, kowa ya tafi ƙauyensu, Cheras ta zama kufai. Mu kuwa mu dawo daga idi mu zauna a hawa na goma sha huɗu muna kallon talabijin. Jirgin mutum biyar zuwa Kano kowace shekara ba zai yiwu ba. Yaran nan ba su da ƙauyen da za su ce nasu ne.” Na ji maganar ta taɓa ni, don ni ma haka nake Sallar. Amma a lokaci guda wani sashe na kwanyata ya rubuta ta ya ajiye. Abin da aka koya mana ke nan: ka saurari inda ke yi wa mutum ciwo, gobe za ka buƙace shi.

Mun isa kafin azahar. Port Dickson ƙaramin gari ne da ya miƙe a gefen ruwa, otal-otal da rumfunan gasa kifi da shagunan sayar da tayoyin iyo masu siffar agwagwa. Tekun ba shuɗi ba ne kamar na cikin takardun tallanmu. Ruwan ƙasa-ƙasa ne, can nesa manyan jiragen dakon kaya suna wucewa a hankali. Gidan hutun namu ba laifi. Akwai ɗaki ɗaya a hawa na shida da ake nuna wa baƙi, sabon fenti, sabbin labule, kwanon 'ya'yan itace na roba a kan tebur. Sauran ɗakunan suna da ɗan warin danshi, kuma mu ma'aikata mun san hanyar da ake bi da baƙo ba tare da ya shaƙe shi ba.

Da la'asar aka fita bakin ruwa. Abin da ya saye Hajiya shi ne ganin matan Malay suna shiga ruwa da dogayen rigunansu da ɗankwali, babu mai kallon kowa. Ta tattare zaninta ta shiga har gwiwa. Yara kuwa sai da aka yi da gaske kafin aka fito da su. Muka ci gasasshen kifi da yaji a wata rumfa, ringgit talatin da biyar babba, sannan Hajiya ta buɗe kularta, ashe dambun nama ne da cincin. Abokina ɗan Yaman ya ci ya kusa kuka.

Lahadi ƙarfe tara na safe aka shiga zauren bayani. Tebura ne masu da'ira kusan ashirin, kowane da mai sayarwa ɗaya da ma'aurata biyu, kiɗa yana tashi daidai yadda ba za ka ji maganar teburin kusa ba. A tsakiya akwai ƙararrawar tagulla. Duk wanda ya sa hannu, a buga ta, zaure ya ɗauki tafi, sauran baƙi su fara jin kamar ana rabon wani abu ba da su ba. Dokokin aikin uku ne da na haddace: kada ka ambaci farashi sai awa ta cika, ka bar mutum ya zana hutunsa da bakinsa, kuma kada ka amsa tambayar da ba a yi maka ba.

Dokta bai wahalar da ni ba. Ko rabin awa ba mu yi ba ya ce, “Ni makon Sallah nake so. Akwai?” Na buɗe jadawali. Ƙaramar Sallah mai zuwa za ta faɗo ne a mako na goma sha biyu na shekara, kuma akwai ɗakin iyali mai kicin da ba a sayar da wannan makon nasa ba. Na ce, “Akwai, Dokta.”

Ban yi ƙarya ba, kuma na san abin da na yi. Jadawalin kamfani da kalandar Turawa yake tafiya. Mako na goma sha biyu yana nan a watan Maris har abada. Sallah kuwa wata take bi, kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Bana za ta faɗo a makonsa. Baɗi ta wuce kafin makon ya zo, kuma ba za ta sake dawowa wurin ba sai bayan shekara talatin da wani abu, lokacin yarjejeniyar ta daɗe da ƙarewa. Akwai damar musanya mako, amma sai an biya, kuma sai in akwai gurbi, a makon da duk ƙasar ke neman ɗaki. Dokta ya san Sallah tana tafiya, wa bai sani ba? Sai dai a ransa, a ƙasar Musulmi, in an ce makon Sallah to makon Sallah ne, duk inda ta je ɗakin zai bi ta. Mu haka muke, da Sallah muke auna shekara, ba da lambar mako ba. 'Yan ƙasa ba sa faɗawa wannan ramin, shi ya sa makon yake nan ba mai shi.

Hajiya ta fi shi bin diddigi. Ta tambayi kuɗin gyara, ta tambayi ko yana ƙaruwa, ta tambayi ko murhun kicin ɗin zai ɗauki tukunyar tuwo. Duk na amsa da gaskiya. Ta tambayi komai ban da wata. Manaja ta zo ta zauna, ta ce farashin yau na yau ne kawai, “boleh lah, Doctor,” wato za ka iya mana, ta miƙa biro. Ya yi bisimilla ya sa hannu, ita ma ta sa. Aka buga ƙararrawa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, daɗi sosai. Wata uku ina tafa wa wasu.

Bayan azahar muka juyo. Ruwan sama ya tare mu tun kafin mu hau babbar hanya, irin wanda masu babura ke fakewa a ƙarƙashin gada su yi cirko-cirko. Kowa yana komawa birni a yammacin Lahadi, tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama ta uku. A cikin cunkoson ne Dokta ya taso ya zauna kusa da ni. Ya ce ya riga ya aika wa yayansa hoton ɗakin. Ya ce ko yaran nan sun girma sun watse, wani Landan wani Kano, za su san cewa Sallah a can ake yinta. Sannan ya dafa gwiwata. “Kai ma ba ka da kowa a nan. Duk Sallah, kujerarka tana nan. Ba gayyata ba ce, umarni ne.” Na ce Allah ya kai mu. Daga nan har muka shiga gari kallon taga nake, ba na ganin komai.

Mun sauka a Bukit Bintang gab da magariba, ruwa ya ɗauke, jirgin ƙasa na kan gada yana wucewa a kanmu. Ana sauke jakunkuna na ja shi gefe. Na buɗe kalanda a wayata, na nuna masa Sallar bana, na nuna masa ta baɗi, da ta bayanta, sannan na nuna masa inda makonsa yake tsaye. Na buɗe takardarsa shafi na ƙarshe, inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa yana da kwana goma ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. Ya daɗe yana kallon wayar. Mutum ne mai ilimi, bai buƙaci in maimaita ba.

“Da safe, lokacin da na tambaye ka, ka san wannan?”

“Na sani, Dokta.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, “To, Allah ya shirye mu.” Ya kira yaransa, suka nufi tashar jirgin ƙasa. Hajiya ta ɗago mini hannu, don ba ta san abin da ya faru ba tukuna. Ni kuma na koma Danau Kota ni kaɗai, abokina ya tsaya cin abinci a layin Larabawa.

Ranar Litinin da safe Dokta ya kai takardar fasawa ofis da kansa. Da rana manaja ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta ce wasu ba a yi su don wannan aikin ba, ta karɓi katin shiga. Yanzu ina da 'yan makonni in sami wani kamfanin da zai ɗauke ni, ko in haɗa kayana.

Ga mai son zuwa Port Dickson, ya je, hanya lafiya lau, kifin ma da daɗi, amma ya biya kuɗin ɗakinsa da kansa. Ni abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Da na faɗi gaskiya ƙarfe tara na safe, da aikin kawai zan rasa. Na bari sai magariba, sai na rasa aikin, na kuma rasa mutumin. Na tura masa saƙon ban haƙuri ranar Talata. Ya karanta, bai amsa ba. Ranar Juma'a mun yi sallah a sahu ɗaya, da aka sallame ya miƙa mini hannu kamar yadda ya miƙa wa na hagunsa, ya tashi ya nemi takalminsa.