Hannun Hagun Mai Goge

Mahaifina mai goge ne. A ƙauyenmu da sauran ƙauyukan Kurfai na kusa, ba a wasan bori sai an aiko masa da goro. Yakan zauna tsakiyar masu kiɗan ƙwarya, hannun dama na jan izga, yatsun hagu na yawo kan tsagiya, yana kiran iskoki kowane da takensa. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa iskoki sun san hannunsa.

Wannan hannun ne ciwo ya ɗauke. Lokacin girbi ya faɗi a gona, aka kawo shi asibitin Filinge a amalanken shanu. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin hagu ya shanye. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, yayyena maza duk suna ci-rani, saboda haka da aka sallame shi gidana ya dawo, nan cikin Filinge. Ina sayar da kayan miya a kasuwa, maigidana kuwa tela ne, mutum mai sahun gaba a masallaci, wanda bai taɓa sakin jiki da sana'ar surukinsa ba. Duk da haka shi ya share masa ɗaki.

Akwai wata mata da aka turo asibitin daga Yamai, Bazabarma, ana ce mata kine. Aikinta koya wa wanda jikinsa ya mutu yadda zai sake zama da tashi da ci da kansa. Ranar da ta fara zuwa gidanmu ta tarar ina jan Baba ta hannun mai ciwo don in tayar da shi daga tabarma.

"Sake shi, ƙanwata," ta ce. "Kafaɗar nan babu abin da ke riƙe da ita yanzu. In kika ci gaba da ja, za ta goce."

Ta hana shi zaman tabarma. Ta sa aka samo kujera mai tsawo, ta nuna masa ya dasa tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya miƙe baya, don kullum jikinsa zubewa yake yi hagu kamar buhun da bai cika ba. In zai kwanta, matashi ƙarƙashin hannun. Maigidana ya ɗinka masa maratayin hannu da ragowar yadi, ya kuma huda wata tsohuwar kujera muka ɗora kan bakin masai. A tsakar gida muka kafa azara biyu, Baba na dafawa yana jan ƙafa daga wannan kai zuwa wancan. An ba mu aron keken guragu, amma rairayin unguwarmu ya hana shi tafiya, ya zama wurin shanya. Abin da ya yi amfani shi ne sanda mai ƙafa uku.

Kafin sanyi ya wuce ƙafar ta fara jin magana. Hannun ne ya ƙi. Yatsun sun dunƙule, sai an buɗe su da ƙarfi a ɗaura kan wani ɗan faifan roba da kine ta lanƙwasa daidai tafinsa. Ta ba shi wake ya riƙa tsinta daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Ya yi ta yi ba musu, amma hankalinsa ba ya wurin.

Wata rana ta tambaye shi, "Baba, a da me kake yi da hannun nan?"

Ni na faɗa mata mai goge ne. Ta ce maza a ɗauko gogen daga ƙauye, hannu ya fi saurin tuna aikin da ya sani. Da na gaya wa maigidana sai ya daɗe yana kallon kekensa na ɗinki.

"Goge a gidana?" ya ce. Can kuma ya ce, "In magani ne, a rufe ƙofa."

Haka aka yi. Kullum da hantsi, bayan ya tafi shago, Baba ya zauna kan kujerarsa, in tallafe masa gwiwar hannu, in ɗora yatsun kan tsagiya. Babban yatsa da manuni suka soma motsi kaɗan, sauran ukun suna kwance. Ƙarar da ke fitowa ba ta da daɗin ji, kamar kukan ƙyauren da ya yi tsatsa. Amma a watannin nan ne kawai na ga yana cinye tuwonsa. Har yakan ce mini, "Ɗiyata, kafin ruwa su sauka ina komawa. Iskokin suna can suna jirana, ba su zuwa ma kowa."

Da bazara, wata la'asar, muka jiyo goge daga bayan gari. Wasa ake yi wa wata mara lafiya. Baba ya saurara, ya ce in miƙo masa sandarsa. Na ce da nisa, ga zafi. Ya ce ko ban raka shi ba zai tafi.

Bai taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba tun da ya kwanta. Ina ɓarinsa na hagu, hannuna a ƙugunsa yadda aka koya mini, kujerarsa a kaina. In ya gaji in sauke ta ya zauna, mu sake tashi. Da muka isa mutane suka dare, tsofaffin mata suka durƙusa suna gaishe shi, aka sa shi gaba. Ya zauna a miƙe, kafaɗu daidai, ko kine ba ta taɓa samun haka daga gare shi ba.

Mai gogen wani magidanci ne da aka ɗauko daga Bonkuku. Yana kiran Doguwa, ɗaya daga cikin iskokin. Baba ya karkato ya ce mini a kunne, "Ba haka aka kiranta ba. Ya yi gaggawa. Ba ta zuwa."

Bai rufe baki ba wata mata cikin masu rawa ta yi ƙara ta zube. Doguwa ta hau ta. Aka rufa mata zane, ta tashi tana zagaya fili tana gaisawa da jama'a da muryar da ba tata ba. Da ta zo kan Baba ta dafa kansa, kamar yadda ta dafa na kusa da shi, ta wuce. Bayanta wasu iskokin suka yi ta sauka, mai gogen bai ko yi gumi ba.

"Tashi mu tahi gida," in ji Baba.

A hanya ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Sai wani mai amalanken jaki ne ya taimaka mana.

Washegari na kawo gogen, ya ce in rataye. Na kawo wake, ya ce in dafa. Da kine ta zo ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata godiya, ya bar ta ta ja yatsun yadda take so, amma shi bai ƙara sa ƙarfinsa ba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce mini, "Ni gaɓoɓi na iya. Wannan kuma ban san ta inda zan kama shi ba."

Da ruwan farko ya sauka ya ce a mai da shi ƙauye. Maigidana ya roƙe shi ya zauna, ya ƙi. Yanzu yana can wurin ƙanwarsa, ya koma tabarma, yatsun sun dunƙule har farce na shiga tafin hannu in ba a yanke ba. Ina zuwa duba shi in na samu mota.

Kwanan baya na haɗu da kine ran kasuwa, ta tsaya gaban tirena ta tambaye ni shi. Na ce yana nan, yana ci kaɗan, ba ya son magana. Ta ce in gaya wa ƙanwar tasa ta riƙa juya shi, kada kwanciya ta huda masa baya, ta kuma riƙa wanke cikin tafin tana busarwa. Na ce to. Ta sayi albasa da daddawa, ta ce an mayar da ita Yamai, ƙarshen wata za ta tashi.