Mai Albasa na Kwatano

Shekara goma sha ɗaya mutanen Garu suna cewa Latifu albasa yake sayarwa a Kwatano. Mu biyu kaɗai muka san ƙarya ce: uwarsa, Inna Habsatu, da ni da nake dako a kasuwar Malanville. Latifu soja ne, kaftin, cikin rundunar musamman da ake turawa daji bin 'yan bindiga.

Tare muka tashi, tare muka yi korar tsuntsaye a gonakin shinkafa. Ni na bar lakkwal, makarantar boko, a aji uku, shi ya wuce Kandi karatu, daga nan Paraku. Tun yana yaro ba mai surutu ba ne. Idan kwalekwale ya ɗebi ruwa, mu muna ihu, shi yana kwashewa da ƙwarya.

Da farko don ubansa aka yi ƙaryar. Baba Karimu masunci ne, kuma ya tsani kaki tun ranar da wani mai kaki ya mare shi a kan gada gaban mutane. Da Latifu ya shiga soja, sai Inna ta ce wa tsohon yaron ya kama sana'ar albasa. Abin ya zauna, don albasar kwarinmu kudu take tafiya, kowa yana da wani nasa a can.

Daga baya mutanen daji suka iso yankinmu. Da rana tsaka suke shiga ƙauye a kan babura, su roƙi ruwa, su yi tambaya. Gidan da suka ji yana da ɗa cikin soja, ko dai a tashi, ko a binne wani. Daga lokacin ƙaryar albasa ita ce ta riƙe Inna a ɗakinta da gonarta. Latifu ya daina zuwa gida. Magani, atamfa, shinkafar azumi, duk ta hannuna suke bi.

Bara waccan Baba Karimu ya rasu da safe. Kafin azahar Latifu ya iso Malanville cikin farar riga, ya shigo rumfar da muke tara buhuna. Daga nan zuwa Garu, kabu-kabu ba ya cin awa guda.

Na ce, "Tashi mu tahi, ana jiran la'asar a kai shi makwanci."

Ya ce, "Dubi askina. Dubi tahiyata. Wa zai ce wanga mai albasa ne?"

"Sa hula mana."

"Hula ba ta ɓoye kafaɗa, aboki. In na taka Garu yau, Inna ba ta kai girbi a gidanta."

Ya zauna bayan buhuna, ya fuskanci gabas, ya yi wa ubansa addu'a shi kaɗai, warin albasa yana sa mu duka hawaye. Da zai tafi ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsumma. Lambar girma ce, ƙarfe da ɗan kyalle. An ba shi ne saboda mutum arba'in da wani abu da ya fitar daga wani ƙauye da aka kewaye, ya ƙetare ruwa da su, wata tsohuwa a bayansa. Wannan ma ba daga bakinsa na ji ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Aje min. Kada ta kwana Garu."

Bana, tsakiyar damina, wani soja mai suna Sodangi ya zo kasuwa yana nemana, hannunsa a ɗaure. Ya ce motarsu ta taka nakiya, aka buɗe musu wuta daga cikin ciyawa. Kaftin ya sa aka kwashi masu rauni ta cikin kwazazzabo, shi ya tsaya a baya da babbar bindiga. Ya riƙe wurin daga hantsi har azahar. Mutum tara suka fita. Washegari aka ɗauko gawarsa, aka binne shi a bariki.

Na sami Inna tana wankin tukunya. Ta saurara har na gama, ba ta ajiye soso ba. Sannan ta ce, "Hatsarin mota ne a hanyar Kwatano. Ka ji ni, ɗan nan?"

Na ce na ji.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. A wurinmu kafin a shafa addu'a manya sukan faɗi abin da suka sani na mamaci. Kuma a zaman makoki ba a tambayar baƙo ko shi wane ne. Duk wanda ya zo, ya cire takalmi ya zauna. Mun kai mutum sittin, wasu fuskokin ban san su ba.

Lambar tana aljihuna. Na zo da ita ne don Inna ta gani sau ɗaya a cikin ɗaki, in koma da ita.

Baba Atiku, ƙanin Baba Karimu, ya gyara murya ya ce, "To, Allah shi gafarta mishi. Mi za mu ce? Albasa ta fi mishi ubanshi. Ko ƙasa bai zo ya zuba ba."

Wani daga baya ya ce, "Wata ƙila farashi ya hau ranar."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Ni ba mai magana ba ne. Shekara ashirin ina ɗaukar buhu, ban taɓa tsayawa gaban taro ba. Amma na tsinci kaina a tsaye, na warware tsumman, na ɗaga ƙarfen sama. Na faɗi komai: kaftin, mutum arba'in, mutum tara, rumfar albasa. Na ce, "Baba, da kai da masu dariyar nan, wa kuka taɓa ɗauka a baya?"

Baba Atiku bai ji kunya ba, tsoro ya ji. Ya dubi baƙin fuskokin nan, ya ce a hankali, "Kai, zauna. Ka kashe mu."

Kwana tara bayan haka mutum biyu a kan babur suka sami Inna a gona. Suka gaishe ta da ladabi, suka yi mata ta'aziyyar kaftin. Suka ce sun ba ta zuwa Juma'a ta bar Garu.

Shinkafarta ta fara fitar da kai, saura wata guda a yanka. Ba wanda ya yarda ya karɓi gonar. Ranar Alhamis na zo da amalanke, na ɗora gado, tukwane, da tsohuwar komar Baba Karimu da ta ƙi bari. Maƙwabta suka tsaya cikin gidajensu.

Ba ta zage ni ba. Da muka fita gari na miƙa mata lambar. Ta juya ta sau biyu a tafin hannu, ta maido mini.

"Kai ka so a gani. Riƙe."

Yanzu tana ɗakin bayan gidana a Malanville. Da safe takan bi ni kasuwa, ta zauna tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Matan wurin sukan tambaye ta ko tana da 'ya'ya. Takan ce guda ne, ya rasu, albasa yake sayarwa a Kwatano. Ina jin ta daga ƙarƙashin buhu, ba na cewa komai.