Murfin Kwatar Baba Mai Takalma

Shekara talatin da ɗaya Baba mai takalma ya yi a rumfa ɗaya, a kan benci ɗaya, har bencin ya lotsa daidai mazauninsa. In ka gaishe shi, takalminka yake kallo ya amsa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ko ya so yi, kullum akwai ƙusa uku ko huɗu a bakinsa.

Daga gidansa zuwa rumfar tafiyar minti goma ce, a kan wata hanyar ƙafa da unguwar ta gaji da zaginta. Akwai turken lantarki a tsakiyarta, sai ka ce ajiye shi aka yi za a dawo a ɗauka. Akwai saiwar bishiya da ta tsaga siminti ta fito. Dab da rumfarsa kuma akwai murfin kwata da ya karye ta gefe guda, in an taka ya yi ƙwal, in ya ga dama ya tsinke silifa. Masu keke tuni suka haƙura, suka koma cikin motoci suna tafe suna addu'a.

Ta wannan hanyar matarsa ke kawo masa abinci kullum da ƙarfe ɗaya. Shekara shida ke nan da ciwon suga ya tafi da idanunta, ya bar mata bakinta da taurin kanta. Wata uku ta yi a ɗaki ko murmushi ba ta yi, sai rana ɗaya ta ɗauki kwano da sanda ta fita. Ta haddace hanyar tsaf: ta taɓa turke, ta tsallake saiwa, in murfin kwata ya yi ƙwal ta juya dama, taku bakwai, ga rumfa. Ta kuma gindaya masa sharaɗi. "Malam, duk ranar da ka riƙe mini hannu a titi, ko ka sa aka ji tausayina a cikin mutane, ranar na daina fita." Ya san ba wasa take yi ba, kuma ba abin da yake tsoro kamar waɗancan wata ukun su dawo.

Ana nan sai hukuma ta liƙa takarda a jikin turken: za a gyara hanyar masu ƙafa da masu keke, ana son jin ra'ayin jama'a ranar Asabar a makarantar firamare. Baba bai taɓa zuwa taro ba. Ranar ya rufe rumfa, har ya goge takalminsa, abin da ba a taɓa gani ba.

Aka jera manya a kan kujerun yara, gwiwa har haɓa. Wata matashiyar injiniya ta rataya taswira a allo, ta raba jajayen takardu masu gam, ta ce kowa ya liƙa tasa a inda ya fi damunsa. Kafin minti goma murfin kwata ya ɓace a ƙarƙashin ja. Mai faci, maƙwabcin rumfar Baba, ya naɗe wando ya nuna tabon gwiwarsa ba tare da an tambaye shi ba. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"'Yata, a bar murfin kwatar nan."

"A bar shi yaya, Baba?"

"Yadda yake. Da turken. Da saiwar ma, in ba takura."

Sai mai faci ya ce, "To ai dole! Silifa nawa murfin nan ke tura masa a mako? Ma'aikacinsa ne fa, ga shi ba ya cin abinci!"

Aka kwashe da dariya. Injiniyar ta danne tata, ta ce takardar da take cikewa tana da gurbin dalili, ko Baba zai faɗi nasa? Ya sunkuyar da kai ya kalli ƙafarta.

"Dunduniyarki ta hagu ta fara cinyewa," ya ce.

Ta rubuta cewa bai ba da dalili ba. Dariyar ba ta dame shi sosai ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne, duk mutanen nan suna ganin matarsa kullum tana wucewa da kwanonta, amma ba wanda ya taɓa tambayar kansa yadda take gane hanya.

Da ya koma gida ta ce, "Na ji an ce ka yi jawabi."

"Na yi."

"Ka ambace ni?"

"A'a."

"To madalla."

Wata huɗu aka yi ana aiki, shi kuma yana zagayawa gida ya ci abinci. Aka cire turke, aka sare saiwa, aka rufe kwata ruf. Hanya ta fito sumul, da farin layi a tsakiya da hoton keke a ƙasa. Kowa ya yaba, Baba ma ya yarda ta yi kyau, don shi ba ya musun aikin da aka yi da kyau.

Ranar da aka buɗe ta, ƙarfe ɗaya ta wuce da kaɗan ya hango matarsa. Sandar tana ta neman turke ba ta samu ba. Ta rage sauri. Ta zo inda murfin yake a da, ƙasa ba ta ce komai ba, sai ta wuce. Ta wuce rumfar da kwanonta, ta doshi mahaɗar babban titi.

In ya kira ta, mai faci da duk layin za su waigo. In ya ruga ya kama hannunta, shi ke nan, ta koma ɗaki. Sai ya ɗauki guduma ya daki ƙarfen da yake ɗora takalmi a kai. Ƙwal. Ya sake. Ƙwal.

Ta tsaya. Ta juyo a hankali, ta biyo ƙarar har bakin benci, ta ajiye kwano.

"Yau aiki ya yi yawa ke nan, Malam?"

"Ya yi."

Ta miƙa hannu ta shafa ƙarfen. Babu takalmi a kai. Ta ɗan jima hannunta na wurin, sannan ta buɗe masa kwanon.

"Gobe ka fara bugawa tun ina wajen bishiya," ta ce.